Yadda Ake Gane Tekila Ta Ƙwarai Tun Daga Jikin Kwalba

Tambaya: Ina aiki a wani otal a Abuja, kuma kwanan nan aka ɗora mini sayen kayan sha na mashayar otal ɗin. Baƙinmu 'yan ƙasashen waje suna yawan neman tekila, amma wasu da zarar sun kalli kwalbar da muke da ita sai su ce a bari kawai. Dillalai kowa yana yabon tasa, farashi kuma daga mai araha har wanda ya haura albashina. Yaya zan gane mai kyau, kuma yaya ake miƙa ta ga baƙo?

Amsa: Ƙanena, ina taya ka murnar wannan ƙarin girma. Batun halacci da haramci ba shi ka tambaya ba, kuma fagen malamai ne, don haka zan tsaya a kan abin da na sani na sana'a.

Ka ajiye farashi, launi da kyan kwalba a gefe tukuna. Ɗauki kwalbar da baƙinka suka ƙi, ka nemi rubutu biyu a jikinta. Na farko shi ne "100% de agave" ko "100% puro de agave". Na biyu haruffan NOM tare da lamba mai alƙaluma huɗu, wato lambar masana'antar da ta yi ta, kusa da haruffan CRT na hukumar da ke sa ido. Ina kyautata zaton na farkon ne babu a kwalbarku, kuma shi baƙin suka duba suka rasa. Wanda ya san tekila ba ya buƙatar a buɗe masa kwalba kafin ya yanke wannan hukunci.

Dalilin yana cikin gona. Tekila barasa ce ta ƙasar Meziko da ake yi daga tsiro guda ɗaya tak, shuɗin agabe, wanda masana tsirrai ke kira Agave tequilana Weber, da sunan wani Bafaranshe masanin tsirrai da ya bayyana shi a 1902. Mutane da yawa suna ɗaukar agabe a matsayin dangin murtsunguwa saboda ƙayarsa, alhali ba su haɗa dangi ba. Yana shekara 6 zuwa 8 a gona kafin ya nuna. Idan ya kai, mai girbi, wanda suke kira jimador, yakan sassabe dogayen ganyen da wani ƙarfe mai faɗin baki da doguwar ƙota mai suna coa, ya bar curin tsakiya, wato piña, wanda kan kai kilo 20 zuwa sama da 60. Ana cin kimanin kilo 7 na wannan curi kafin a samu lita ɗaya ta tekila tsantsa. To, kasuwancin da sai an jira shekara 7 kafin a ga amfaninsa dole ya haifar da masu neman gajeriyar hanya. Kusan duk abin da ke raba tekila mai kyau da marar kyau yana komawa ga wurin da aka yi wa wannan jira ƙwange.

Gajeriyar hanya ta farko doka ce ma ta amince da ita. Tun 1974 gwamnatin Meziko ta keɓe sunan tekila ga yankin da aka shata: jihar Jalisco gaba ɗayanta, da wasu ƙananan hukumomi a Guanajuato, Michoacán, Nayarit da Tamaulipas. Hukumar da ke sa ido, Consejo Regulador del Tequila, an kafa ta a 1994, ita ce CRT ɗin da kake gani a kwalba. Dokarsu ta raba tekila gida biyu. Akwai wadda duk sukarin da aka tsima ya fito daga agabe, ita ce mai rubutun 100%, kuma dole a ɗura ta a kwalba a can yankin. Akwai kuma wadda aka rubuta mata "Tequila" kawai, 'yan sana'a suna ce mata mixto: ita kashi 51 na sukarinta ne kawai ya zama tilas ya fito daga agabe, sauran 49 ana cike shi da sukarin rake ko na masara, kuma ana iya fitar da ita cikin tankoki a ɗura a wata ƙasa. Babu kamfanin da zai rubuta maka mixto a kwalbarsa. Rashin rubutun 100% shi ne shaidar. Kamfani ɗaya ma yakan yi duka biyun: José Cuervo Especial mixto ce, José Cuervo Tradicional kuwa 100% ce. Saboda haka sunan gida kaɗai ba ya isa, ko da gidan ya daɗe kamar Cuervo, wanda ya samu lasisi daga sarkin Sifaniya tun 1795.

Ka yi hattara musamman da mai launin zinariya da aka rubuta wa "gold" ko "oro" kuma babu 100%. Yawancin lokaci launin nan na ƙonannen sukari ne da aka zuba, ba na daɗewa a ganga ba. Ita ce ta sa Turawa da yawa suke ɗaukar tekila abin kurɓewa da sauri a bi da gishiri da lemun tsami don a kashe ɗacin.

Sai dai rubutun 100% ƙofar shiga ce kawai. A cikin masu ɗauke da shi akwai tazara mai nisa, kuma wannan ne ɓangaren da dillalai ba sa so a tono.

Sukarin da ke cikin ɗanyen agabe ba irin wanda yis ke iya ci ba ne, sai an dafa shi ya warware. A tsohuwar hanya ana fasa curin, a jera cikin tanda na bulo, a saki tururi a hankali na kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a bar shi ya huce a ciki. Yana fitowa ja-ja, mai laushi, da ƙamshin zuma da dafaffiyar kabewa. Wannan ƙamshin shi ne asalin ɗanɗanon tekila. Hanya ta biyu ita ce babbar tukunyar ƙarfe mai matsin tururi, wadda ke gama aikin cikin sa'o'i 8 zuwa 12. Ba ni da ja da ita. Idan mai sarrafawa bai matsa mata wuta ba, tana ba da tekila mai tsabta mai kyau. Ta ukun ce matsalar. Wata na'ura ce doguwa da ake kira difusor: ana markaɗa ɗanyen agabe, a wanke sukarinsa da ruwan zafi mai ƙarfi, sannan a dafa ruwan daga baya, wasu ma su yi amfani da asid wajen warware shi. Tana tatso kusan duk sukarin da ke ciki, kuma ba ta damu da ko agaben ya nuna ba, don haka ana iya zuba mata ɗan shekara 4. Abin da ke fitowa daidai yake da mangwaron da aka nuna da kabad: launi ya yi, doka ta yarda mangwaro ne, amma wanda ya taɓa shan nunan bishiya ba zai ruɗe ba.

Idan ɗanɗano bai fito daga tsiro ba, sai a nemo shi a wani wuri. Dokar ta yarda a ƙara abubuwa huɗu don "tausasa" tekila: launin ƙonannen sukari, ruwan itacen ganga, gilisarin, da ruwan sukari, matuƙar ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma ba dole a rubuta a kwalba ba. Kashi 1 kamar ba komai ba ne, amma masu haɗa waɗannan sinadarai sun ƙware, ɗigo kaɗan yana sauya kwalba gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ji wata tekila tana ƙamshin kek ko alewar banila, ta bi maƙogwaro sulɓi kamar mai. Baƙi da yawa suna son hakan, kuma ba laifi ka ajiye musu. Amma kada ka biya kuɗin gwaninta a kan zaƙin da aka zuba daga jarka. Ko ba ka sha, hancinka da hannunka za su taimake ka: ɗiga kaɗan a tafin hannu, ka murza har ya bushe. Idan hannun ya yi danƙo, akwai alamar ƙari. Idan ya bushe tas ya bar ƙamshin dafaffen tsiro, da ɗan ƙamshin ƙasa da barkono, alama ce mai kyau. Ba gwajin ɗakin bincike ba ne, amma yana tace abubuwa da yawa.

Bayan dafuwa sai matsa. Wasu gidaje har yanzu suna amfani da tahona, wani ƙaton dutse mai nauyin kusan tan 2 da ke zagaya rami yana niƙe dafaffen agabe. Da alfadarai ke jan sa, yanzu yawanci inji ne. Saura suna amfani da injin matsa irin na rake. Daga nan a tsima ruwan na 'yan kwanaki, a tafasa shi sau biyu a tukunyar tace barasa, ta jan ƙarfe ko ta farin ƙarfe. Gidajen da suke yin aikinsu a tsanake suna alfahari da shi, za ka ga sun rubuta horno (tanda), tahona ko alambique de cobre (tukunyar jan ƙarfe) a bayan kwalba. Wanda ya yi shiru a kan yadda ya dafa agabensa, ya cika kwalbar da labarin kakanni da hoton dawakai, sai ka ƙara bincike.

A nan lambar NOM take aiki. Lambar ba ta nuna inganci, tana nuna masana'antar da ta yi barasar. Sunayen tekila da ke kasuwa sun haura dubu, masana'antun kuwa wajen ɗari biyu ne kawai, don haka masana'anta ɗaya takan yi wa sunaye goma ko hamsin aiki. Cuervo 1122 ce, Herradura 1119, Patrón 1492, Fortaleza 1493. Idan dillali ya kawo maka sabon suna a kwalba mai ƙyalli, rubuta lambar a intanet, cikin minti ɗaya za ka ga wace masana'anta ce, wane irin tanda take da shi, da waɗanne sunaye take yi wa aiki. Sau da yawa za ka tarar kwalba mai tsada da wata mai rabin kuɗinta daga famfo ɗaya suka fito. Kwalbar da ba ta da NOM kuwa ba tekila ba ce, ko me aka rubuta mata.

Sai batun shekaru, inda masu saye suka fi yin asarar kuɗi. Blanco, ko plata, fara ce tas, ba ta shiga ganga ba ko kuma ba ta kai wata 2 a ciki ba. Reposado ta huta wata 2 zuwa ƙasa da shekara a gangar itacen ok. Añejo shekara 1 zuwa 3, a gangar da ba ta wuce lita 600 ba. Extra añejo shekara 3 zuwa sama, rukunin da aka shigar cikin doka a 2006. Mutanen da suka saba da wuski suna ɗauka mafi daɗewa ita ce mafi kyau. A tekila ba haka abin yake ba. Hatsin wuski wata kaɗan yake yi a gona, ɗanɗanonsa daga ganga yake samuwa. Agabe kuwa ya riga ya yi shekarunsa a ƙasa, ganga tana iya ƙawata shi, tana kuma iya binne shi. Ni idan ina son auna gida, blanco ɗinsa nake nema, domin ba ta da inda za ta ɓuya. Gidan da blanco ɗinsa ba ta yi ba, añejo ɗinsa kwalliya ce kawai. Yawancin gangunan da ake amfani da su tsofaffin gangunan wuskin Amurka ne, shi ya sa tsohuwar tekila ke karkata zuwa ƙamshin banila da ƙonannen sukari ko ba a ƙara mata komai ba.

Za a kawo maka cristalino, domin ita ake yayi yanzu: tsohuwar tekila ce da aka tace da gawayi har launinta ya fita. Ba ta cikin rukunan da doka ta lissafa. Ra'ayina a kanta shi ne an biya kuɗin ajiya a ganga, an sake biyan kuɗin cire abin da gangar ta bayar. Amma tana tafiya a wuraren shagali, ka sayi kwalba ɗaya ka ga yadda baƙinka za su karɓe ta. Tsutsa a gindin kwalba kuma ba ta tekila ba ce. Wasu masu sayar da mezcal ne, 'yar'uwarta da aka fi yi a jihar Oaxaca, suka shigo da wannan dabarar talla.

Yankin da agaben ya fito yana da tasiri, ko da yake ana zuzuta shi. Na tuddan Los Altos, wajen Arandas da Atotonilco el Alto, mai jar ƙasa da sanyin dare, yakan ba da zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace. Na kwarin da ke kewaye da garin Tequila da Amatitán, a gindin tsohon dutse mai aman wuta, yakan fi ƙamshin ƙasa da ganye da barkono. Wannan kwarin ne UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Masana'antu da yawa suna sayen agabe daga ko'ina, saboda haka ka bar wannan ya zama abin hira da baƙo, ba ma'aunin saye ba.

Farashi kuma ba koyaushe yake bin abin da ke cikin kwalba ba. A 2017 kamfanin Diageo ya sayi Casamigos, sunan da ɗan fim George Clooney da abokansa suka kafa, a kan kuɗin da ya kai dala biliyan 1. A 2018 Bacardi ta kammala sayen Patrón a cinikin da ya ƙiyasta kamfanin a kan dala biliyan 5.1. Tun daga nan mawaƙa da 'yan wasa suka yi ta fito da nasu sunayen. Wani ɓangare na abin da kake biya na talla ne, wani na kwalbar tangaram mai zanen hannu. Sunayen da masu sanin abin ke girmamawa, irin su Siete Leguas, Tapatío, El Tesoro, Ocho, G4 da Fortaleza, kwalabensu ba su da wani ƙyale-ƙyale. Samun su a Najeriya ba lallai ya zo da sauƙi ba, amma ka tambayi manyan masu shigo da kaya. Idan baƙo ɗan Meziko ko ɗan Amurka ya hangi ɗaya daga cikinsu a kantarka, zai san akwai wanda ya san aikinsa a gidan.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci a wurinka shi ne jabu, domin shi ke kai mutum asibiti. Masu haɗa jabun barasa suna sayen kwalaben manyan sunaye da aka shanye, su cika su da sifirit mai arha, wani lokaci mai ɗauke da metanol, wanda ke makantarwa yana kuma kisa. NAFDAC ta sha kai samame a kan irin waɗannan wurare, ciki har da wanda ta yi a wata kasuwa a Aba a Disambar 2023. Ka sayi kaya daga wakilin da kamfanin ya amince da shi, da rasit. Ka duba lambar rajistar NAFDAC, hatimin murfi, da lambar rukunin da aka buga a jikin gilashi ko takarda; kwalabe daga katan ɗaya su zama cikarsu ɗaya, launinsu ɗaya. Wanda ya kawo maka sananniyar tekila irin Don Julio a rabin kuɗin kasuwa, ka sallame shi da girma da arziki. Kwalaben da suka ƙare a mashayarku kuma kada su fita lafiya: a yage takardar, a fasa murfin, ko a farfasa su. Ka sa wannan ya zama doka ga yaran da ke ƙarƙashinka, don masu saye suna zagayawa ta ƙofar baya.

Wajen miƙawa, ka tambayi baƙo yadda yake so kafin ka jera masa gishiri da lemun tsami. A Jalisco tekila mai kyau kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan, sau da yawa kafin abinci ko tare da shi, ba tare da ƙanƙara ba. Ƙaramin dogon kofin da ake kira caballito shi ne na gargajiya, amma ga añejo ko blanco mai tsada kofin gilashi mai ƙafa da tsukakken baki ya fi, saboda yana tara ƙamshi. A zuba, a bar ta minti biyu ko uku ta sarara. Kada a sa ta a firiza, sanyi yana kashe ƙamshin da aka biya kuɗi dominsa. Idan kana son burge wanda ya san ƙasar, ka sa kicin su haɗa sangrita, abin rakiya marar barasa na ruwan lemun zaƙi, lemun tsami, barkono da gishiri, wasu su ƙara tumatir. Ana ajiye ta a kofi na biyu, a kurɓi wannan a kurɓi wancan.

Wajen haɗi, blanco ko reposado mai 100% mai matsakaicin kuɗi ta wadatar, asara ce a zuba extra añejo cikin lemun kwalba. Margarita ita ce tekila mililita 50, barasar ɓawon lemu 20, ruwan lemun tsami 15, kuma lemun a matse shi a lokacin, ba na roba ba. A Meziko kanta paloma ta fi farin jini: tekila, lemun tsami, ɗan gishiri da lemun kwalba na garehul, inda babu shi sai a matse garehul a ƙara ruwan soda. A garin Tequila akwai tsohuwar mashaya mai suna La Capilla, inda marigayi Don Javier Delgado Corona ya shahara da batanga, wato tekila, lemun kwalba na kola, lemun tsami da gishiri, a juya da wuƙar da aka yanka lemun.

Za ka ji baƙi suna cewa tekila tsantsa ba ta sa ciwon kai, ko tana da amfani ga masu ciwon sukari. Kada ka maimaita musu wannan. Sukarin agaben da ake yabo yis ya riga ya cinye shi ya mayar barasa. Ƙarfinta tsakanin kashi 35 zuwa 55 yake, yawanci 38 ko 40, daidai da wuski, kuma hanta ba ta bambance mai tsada da mai araha. A yi awo da ma'auni, ba da ido ba, a ajiye ruwa kusa da kowane kofi, wanda ya fara tangaɗi a daina ba shi, a kuma nema masa mota idan shi ya tuƙo kansa.

Da ni ce a kujerarka, da kwalba huɗu zan fara: blanco mai 100% mai sauƙin kuɗi don haɗi, blanco ɗaya daga gidan da ke dafawa a tanda don masu kurɓa, reposado ɗaya, añejo ɗaya. Ka ajiye su a tsaye, nesa da taga da zafin fitilun kanta, domin ranar Abuja tana dusashe su. Wadda aka buɗe a rubuta mata kwanan wata a gindi, a yi ƙoƙari ta ƙare cikin shekara. Bayan wata uku ka duba littafin ciniki, wadda ta fi tafiya ita za ka faɗaɗa rukuninta, mixto ɗin da ta rage a sito kuma a ƙarar da ita a haɗin liyafa, kada a sake yin odarta.